Ƙota Ɗaya, Kafaɗa Uku

Kuɗin maruƙa biyu ne a aljihuna,
su ma ba su kai ba sai da Maren ta zuba nata na girbin masara.
Muka tuƙa mil arba'in zuwa shagon Verna,
Dakota ta Kudu shimfiɗe gaba da baya,
ba tudu, ba bishiyar da ido zai jingina.

Na ce mai baki biyu muke so, ɗaya bisa ɗaya.
Verna ta ƙirga mu da haɓa.
"Ta waye?"
Na ce, "Tamu."
Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.
"Bindiga takalmi ce, Orrin,
kai kuwa ƙafa uku ka kawo min."

Tobias ya fara ɗauka,
hannuwa zaƙo-zaƙo irin na kakansa,
ya rungumi mai lamba goma sha biyu,
ya auna agogon bango, ya ce shi ke nan, mu biya.
Ƙanwarsa ta karɓa, bakin ya rinjaye ta ƙasa,
ƙotar ta maƙale a hammata.
Ga ta bahaguwa,
an kuwa karkata ƙotar don kuncin dama,
idonta ya yi ta neman saiti
kamar baƙo mai neman gida da dare.

Ni na yi shiru.
Tun shekarar da tarakta ta kife da ni
kafaɗata ba ta son shuri,
goma sha biyu kuwa shurin alfadari gare ta.
Ban faɗa ba. Maren ce ta faɗa,
ba ta ko dube ni ba.

Verna ta shiga ciki, ta daɗe.
Ta fito da wata mai lamba ashirin, ta sha hannu,
ƙota miƙe ɗoɗar, ba ruwanta da dama ko hagu,
ga tabon waya inda wani ya tsallake shinge da ita.
Ta karya ta a tsaka, ta miƙo.
Na leƙa: ramuka biyu, haske a ƙarshensu,
ɗaya goye da ɗaya.

"Ta yi min gajarta," in ji Tobias.
"Ni tsawo ta ɗan yi min."
Verna ta ajiye guntun roba a kan kanta:
mai dogon hannu ya saka, mai gajere ya cire.
Ba wanda ya yi murna sosai.
Da haka na gane mun dace.

Asabar, sanyi ya daskarar da karan masara,
yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalma.
Karyarmu Biskit ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.
Ƙuri'a ta faɗa kan Tobias,
robarsa kuwa tana can gida kan firji.
Fakara biyar suka tashi fir,
ya harba, ya sake, sama ta haɗiye duka.
Biskit ta juyo ta yi masa wani kallo.

Ya karya bindigar, kwanso biyu suka yi tsalle,
ya miƙa wa ƙanwarsa cikinta a buɗe.
Doka ɗaya ke nan da na kafa:
ba ta canza hannu a rufe.
Kafin rana ta take tsaka Maren ta sauko da ɗaya,
da bakin ƙasa kawai,
na saman ba ta taɓa shi ba.

Juyina ya zo da yamma.
Na kai kunci, na tarar da ɗumin nata a jikin katakon.
Tsuntsu ya tashi, na bi shi, na bi shi,
har ya wuce rumbun su Halvorsen.
Ban ja kunama ba.

"Baba, lafiya?"
Na ce rana ce ta shiga idona.
Rana kuwa tana bayana, dukansu sun gani.
Muka nufi mota,
suna gaba suna musun wa zai goge ta yau.